Darasi na 9: Naɗe Bututun Iska a Gwiwa da Mahaɗa

A gidan da na'ura ɗaya ke sanyaya ɗakuna ko ɗumama su, iska tana bi ta bututun kwano ne, ta cikin silin ko ƙarƙashin daɓe. Ana naɗe bututun da bargon ulun gilashi mai takardar alminiyam a baya, don kada sanyi ko ɗumi ya zurare a hanya. Miƙaƙƙen wuri ba ya ba kowa wahala. A gwiwa, wato inda bututu ya lanƙwasa, da mahaɗa ake gane ma'aikaci.

Kafin naɗi, sai toshe inda iska ke yoyo. Kunna na'ura, ka bi kowace mahaɗa da bayan hannunka. Inda ka ji iska na hurawa, yi alama. Kashe na'urar, ka goge ƙura, domin gam ba ya kama datti. Shafa gam ɗin bututu da buroshi, ko ka liƙa tef na alminiyam ka danne shi sosai. Tef na yadi kuwa, rabu da shi: zafi na busar da gam ɗinsa, ya ɗaye. Idan tsaga ta kai faɗin milimita 6, fara ɗora tef mai raga, sannan gam. Wanda ya naɗe bututu mai yoyo, ɓoye ciwo kawai ya yi.

Yanzu gwiwa. Tanƙwara hannunka ka duba: fatar baya ta miƙe, ta ciki ta tattare. Haka bargo yake yi idan aka naɗa shi falle guda. Bayan lanƙwasa ya matse ya yi siriri, cikinta ya cukurkuɗe. To, a yanka shi gunduwa-gunduwa, uku ko huɗu, kowace mai faɗi ta baya, tsukakkiya ta ciki. Auna bayan gwiwar daban, cikinta daban. Fara fitar da siffar a kwali ka gwada. Ɓata kwali ya fi ɓata bargo sauƙi. Kowace gunduwa ta manne da 'yar'uwarta ba rata, takardar ɗaya ta hau ɗaya da santimita 5, ka rufe da tef.

Kada ka ɗaure tamau. Iskar da ke maƙale cikin ulun ita ke yin aikin, matsi kuwa korarta yake yi. Takardar alminiyam a waje take zama, kuma ko huda ɗaya aka bari, danshi zai shiga ya taɓa kwano mai sanyi ya zama raɓa. Daga nan sai jiƙaƙƙen bargo, tsatsa, da tabo a silin.

Ulun yana sa ƙaiƙayi. Sa safar hannu, riga mai dogon hannu, takunkumi da tabarau. Bututun da ke fitar da hayaƙin na'urar ɗumama ba ya cikin wannan aiki, kada ka naɗe shi.

Aikin yi: samo gwiwar bututu da kwali. Auna bayanta da cikinta, ka rubuta bambancin a littafinka, sannan ka yanka gunduwa uku da za su rufe ta.