Yadda Ake Samun Bizar Zama Aiki a Birtaniya Bayan Kammala Karatu

A watan Satumba ne yawancin masu digiri na biyu a Birtaniya suke miƙa kundin bincikensu. Ranar da ka danna maɓallin turawa, ka fito daga laburare kana jin kamar an sauke maka dutse daga ka, ranar ce kuma wani agogon yake fara bugawa. Wanda kwas ɗinsa ya kai wata 12 ko fiye, wata huɗu kacal ake ƙara masa a kan bizar ɗalibi bayan ranar ƙarewar karatu. A cikin wata huɗun nan sakamako zai fito, mutanen gida za su fara tambayar yaushe za ka dawo, kai kuma za ka yanke shawara: haɗa kaya, ko tsayawa ka taɓa aiki.

Mai son tsayawa, ƙofar da aka fi bi ita ce bizar Graduate. An buɗe ta ranar 1 ga Yulin 2021, bayan an shafe shekaru tara babu irinta, tun da aka soke ta farko a 2012 lokacin Theresa May tana ministar cikin gida. Daɗinta shi ne ba sai kana da aiki a hannu ba, ba sai wani kamfani ya tsaya maka ba, ba kuma a tambayar ka nuna kuɗi a banki kamar yadda aka yi maka lokacin neman bizar ɗalibi. Mai digiri na farko ko na biyu ana ba shi shekara biyu, mai digirin digirgir shekara uku. Sai dai gwamnati ta rage: duk wanda ya nema daga 1 ga Janairun 2027, wata 18 zai samu, in ban da masu digirgir da aka bar musu shekarunsu uku.

Ga yadda ake bi.

Mataki na farko: ka gama da jami'a, ta gama da kai

Ba takardar digiri ce ke buɗe maka wannan hanya ba, ba kuma sai an yi bikin yaye ɗalibai ba. Abin da ake jira shi ne jami'arka ta sanar da Ma'aikatar Cikin Gida cewa ka kammala kwas ɗin da aka ba ka biza dominsa, kuma ka ci. Jami'ar ce ke aika saƙon, ba kai ba. Idan ta aika, yawanci ofishin kula da ɗaliban ƙasashen waje zai turo maka imel. Kafin imel ɗin nan ya zo kada ka cika fom, don za ka iya asarar kuɗin neman a banza.

A nan ne 'yan Najeriya da yawa suke tuntuɓe, kuma ba don rashin ƙoƙari a aji ba. Bashin kuɗin makaranta ne. Tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke mata farashi a watan Yunin 2023, wanda ya yi lissafin cikon kuɗinsa a kan tsohon canji ya wayi gari lissafin ya ninka. Jami'o'i da yawa ba sa sakin sakamako, balle su aika sunanka, muddin akwai ragowar kuɗi a kanka. Na zauna gida ɗaya da wani ɗan'uwa da ragowarsa ba ta kai fam dubu ɗaya ba. Kullum da asuba yana zaune a kicin da rigar sanyi, shayinsa ya huce, yana sabunta shafin imel, bai san ofishin kuɗi ne ya riƙe sunansa ba sai da ya taka da ƙafarsa ya tambaya. Sai da muka yi masa karo-karo bayan sallar Juma'a, aka biya, aka sake jiran zaman hukumar jarrabawa na gaba. Saura kwana tara bizarsa ta mutu saƙon ya iso.

Abu na biyu da ke kayar da mutane shi ne faɗuwa wani darasi. Idan maimaita jarrabawa zai kai ka bayan ranar mutuwar biza, je ofishin ɗaliban waje tun ranar da ka ga sakamakon, kada ka jira. Idan kuma aka ce maka a ba ka difloma maimakon cikakken digiri na biyu don a rufe maganar, tsaya ka yi tambaya tukuna, domin a mafi yawan lokuta karɓar diflomar tana rufe ƙofar bizar Graduate gaba ɗaya.

Akwai kuma sharaɗin zama. Kwas na shekara ɗaya ko ƙasa da haka, ana so a ce a cikin Birtaniya ka yi shi duka. Wanda ya fi haka, aƙalla wata 12. Masu cewa bari in je gida in rubuta kundina a gaban iyali, su fara tambayar jami'a kafin su sayi tikiti.

Mataki na biyu: wa ya biya maka karatu?

Wanda mahaifinsa ko aljihunsa ya biya, ya wuce wannan. Amma idan gwamnati ko wata hukumar tallafin karatu ta duniya ce ta ɗauki nauyin kuɗin makarantarka da na zamanka a cikin wata 12 da suka wuce, sai ka haɗa da takardar amincewarta a rubuce cewa ta yarda ka tsaya. Wannan ya shafi irin 'yan PTDF, wato asusun gwamnatin Najeriya na bunƙasa fasahar man fetur, da waɗanda gwamnatocin jihohi suka turo. Malaman jami'a da TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu na Najeriya, ta ɗauki nauyinsu kuwa akwai yarjejeniyar komawa bakin aiki da suka sa wa hannu. Masu tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya sharaɗinsu a fili yake: ka koma ƙasarka na aƙalla shekara biyu. A ganina wanda ya ci kuɗin talakawan jiharsa da alkawarin zai dawo ya koyar, bai kamata ya fara neman dabarar zillewa ba. Amana ce, kuma ko ba don tsoron Allah ba, ɓoye maganar a fom ƙarya ce da za ta iya bin ka a duk wata biza da za ka nema nan gaba.

Mataki na uku: kuɗin

A Afrilun 2025, kuɗin neman bizar ya kasance fam 880. Sai kuɗin lafiya na NHS, wato hukumar lafiyar ƙasar, fam 1,035 a kowace shekara, kuma duka ake biya tashi ɗaya. A farashin 2025 ɗin, mai shekara biyu ke nan zai ajiye fam 2,950, mai digirgir fam 3,985. Kusan kowace shekara ana taɓa waɗannan kuɗaɗe, don haka duba shafin gov.uk a makon da za ka biya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Fara ware wani abu tun daga aikin awa 20 da aka yarda ɗalibi ya yi a mako. Idan kana da mata da yara a kan bizarka, kowannensu zai biya nasa kuɗin neman da na lafiya, na yara dai ya ɗan fi sauƙi, fam 776 a shekara. Kuma waɗanda suke tare da kai a bizar ɗalibi ne kawai za su iya bin ka, sai jaririn da aka haifa a can. Ba za ka samu Graduate sannan ka aika a kawo amarya a kanta ba. Tun Janairun 2024 ma masu digiri na biyu na zaman aji ba a barin su zuwa da iyali, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu.

Mataki na huɗu: zaɓen ranar nema

Wannan ne wurin da ya fi buƙatar lissafi. Bizar tana fara ƙirga ne daga ranar da aka amince da ita, ba daga ranar da ta ɗalibi ta ƙare ba. Wanda ya yi gaggawar nema a Nuwamba alhali bizar ɗalibinsa tana da rai har ƙarshen Janairu, ya zubar da makonni. Shi ya sa masu wayo suke ɗan jinkirtawa, tunda bayan ƙarewar kwas an yarda su yi aiki na cikakken lokaci a kan tsohuwar bizar. Amma jinkirin yana da iyaka: lallai ka nema kafin ta mutu, ko da kwana ɗaya ka wuce ka zama mai zaman da ba bisa ƙa'ida ba. Ni dai ban yarda mutum ya bar shi zuwa makon ƙarshe ba. Katin banki yana iya ƙin biya, manhaja tana iya ƙin karanta fasfo, sai ka tsinci kanka da tsakar dare kana kiran abokai.

Masu gama karatu a kakar 2026 nasu lissafin ya juya. Bizarsu ta ɗalibi za ta iya kaiwa Janairun 2027, amma wanda ya tsallaka 31 ga Disamba bai nema ba, don ya ci ribar mako uku sai ya rasa wata shida. Su dai da zarar imel ɗin jami'a ya shigo, su nema.

Mataki na biyar: cika fom

A intanet ake yi, a shafin gov.uk, kuma dole kana cikin Birtaniya. Ba a neman wannan biza daga Abuja ko Yamai. Tanadi fasfo mai rai da lambar CAS, wato ta shaidar jami'a ta ba ka gurbi, wadda ka yi amfani da ita wajen bizar ɗalibi. Tana cikin tsohon imel ɗin jami'a, nemo ta tun yanzu. Za ka tabbatar da kanka ta manhajar UK Immigration: ID Check a waya, ka ɗauki hoton fuskarka, ka biya. In manhajar ta ƙi, za a ba ka ranar zuwa a ɗauki hoton yatsu. Ba ka buƙatar wani ejan. Fom ne da mutum zai cika da kansa a zama ɗaya, wanda ya rubuta kundin digiri ba zai gagare shi ba.

Amsa takan fito cikin mako takwas, sau da yawa ma kafin haka. Idan bizar ɗalibinka ta ƙare kana cikin jira, babu komai, doka ta kare ka tunda ka nema a kan lokaci. Abu guda ne haramun: fita. Ka bar Birtaniya, Ireland da tsibiran da ke haɗe da su kafin amsa ta fito, za a ɗauka ka janye buƙatarka. Bikin ƙanwa ko Umara, su jira. Wanda aka yi wa rasuwa ne abin tausayi, shi ma ya san abin da tafiyar za ta ci kafin ya hau jirgi.

Yanzu babu katin roba da ake bayarwa. Bizar tana cikin asusunka na intanet na UKVI, hukumar biza ta Birtaniya, daga nan kake ciro lambar da suke kira share code ka ba mai ɗaukar aiki ko mai gidan haya.

Mataki na shida: abin da za ka yi da lokacin

Kana iya kusan kowane aiki, kana iya sana'ar kanka, sai dai ba ka da haƙƙin tallafin gwamnati. Harajin ƙaramar hukuma da aka yafe maka kana ɗalibi zai fara zuwa, da yawa ba sa sanin haka sai ambulan ta faɗo ta ƙofa. Bizar ba a sabunta ta, sau ɗaya ake ba mutum a rayuwa, ko da ya sake wani digirin. Shekarunta kuma ba sa shiga ƙirgen zaman dindindin na hanyar Skilled Worker, wato bizar aiki da kamfani ke tsaya wa mutum.

Wannan Skilled Worker ɗin ita ce mataki na gaba ga mai son daɗewa, kuma ta yi tsauri. Daga 22 ga Yulin 2025 mafi ƙarancin albashi ya koma fam 41,700 a shekara, aikin kuma ya zama na matakin mai digiri. Sabon shiga, wanda ya haɗa da mai fitowa daga Graduate, an sassauta masa zuwa fam 33,400, amma sassaucin shekara huɗu ne gaba ɗaya, har da shekarun da ka ci a kan Graduate. Ba kowane kamfani ne ke da lasisin tsaya wa baƙo ba. Gwamnati tana wallafa jerin masu lasisin a gov.uk, sauke shi, duba sunan kamfani kafin ka ɓata dare kana rubuta masa takarda.

Tarkon da na fi gani shi ne aikin sito da na gidan kula da tsofaffi. Babu abin kunya a cikinsu, su ne suka biya wa da yawanmu haya. Amma kuɗin mako yana da daɗi, ana ƙara maka dare kana karɓa, kana turawa gida ana sa maka albarka, sai ka farga saura wata huɗu ba ka taɓa zama intabiyu ɗaya a fagen da ka karanta ba. A lokacin ne masu sayar da takardar bogi ta cewa kamfani ya tsaya maka suke ɓullowa a rukunonin WhatsApp, suna neman dubban fam. Sayar da wannan takarda laifi ne, kuma an sha ganin wanda ya biya ya tarar babu aikin, ko an ƙwace lasisin kamfanin. Ware wa kanka ranaku biyu a mako na neman aikin gaske tun watan farko, ka kuma yi amfani da ofishin shawarar aiki na jami'arka, da yawansu suna ci gaba da karɓar tsofaffin ɗalibai bayan sun gama. Manyan kamfanoni suna buɗe shirin ɗaukar sababbin masu digiri ne tun daga Satumba zuwa ƙarshen shekara, wato daidai lokacin da kake zaune kana jiran sakamako.

Wanda bai riga ya zaɓi ƙasa ba, ya kwatanta kafin ya biya kuɗin makaranta. Jamus tana ba wanda ya gama wata 18 na neman aiki. Kanada tana da izinin aiki bayan karatu mai suna PGWP da kan kai shekara uku, ana nemansa cikin kwana 180 da samun shaidar kammalawa. A Amurka irin wannan izinin, OPT, wata 12 ne, masu kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi ana iya ƙara musu wata 24, sai dai can dole aikin ya dace da abin da ka karanta.