Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa salon hoto da akwatunan filta

Yaran da ke koyon gyaran hoto a shagona a nan Katsina sukan zo da kuka iri ɗaya: "Oga, duk filtocin da ka sa na sa, amma nawa bai fito kamar naka ba." In na duba sai in tarar gaskiya suka faɗa, akwatunan duk suna nan, jerinsu ne ya sha bamban. A manhajoji irin su Blender da DaVinci Resolve kowace filta akwati ce, hoto yana shiga ta hagu, ya bi igiya daga wannan akwati zuwa wancan, ya fita ta dama. Kowane akwati kuwa abin da aka miƙo masa yake sarrafawa, ba asalin hoton ba.

Shi ya sa kuskuren da ya fi ɓata aiki shi ne ƙara kaifi kafin a share ƙurar hoto. Ka ɗauki hoton kamu da aka yi da dare a tsakar gida, ƙwan lantarki ɗaya, fuskar amarya duk tsaki-tsaki. In akwatin kaifi ya riga, wannan tsakin zai kaifafa, mai sharewa kuma ya zo ya ɗauka kwalliya ce ya bar shi, ko ya goge har da zanen lalle. A fara da share ƙura, sai gyaran haske, sai launi, kaifi ya zo can kusa da ƙarshe. Mai son ɗan yashi irin na tsohon fim ya sa shi bayan komai, don duk akwatin dusashewa da ya biyo bayansa zai cinye shi.

Sai kuma ɗora salo a kan hoton da ba a daidaita ba. Hoton da aka ɗauka cikin hazon hunturu a gindin hasumiyar Gobarau da wanda aka ɗauka da rana tsaka a Hawan Sallah ba daga wuri ɗaya suka taso ba. Akwatuna biyu ko uku na farko aikinsu kawo kowane hoto daidai, fari ya zama fari, baƙi ya zama baƙi. Su ake taɓawa a kowane hoto. Akwatunan salo na bayansu ba a taɓa su.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne fata. Yawancin salon da ake saukewa daga intanet ba da fatarmu aka gwada su ba. Sai ka ga an ja hasken hoto duka don fuskar ango ta fito, farar shaddarsa ta ƙone ƙurmus, aikin da mai ɗinki ya yi makonni yana yi a wuyan riga ya ɓace, fuskar kuma ta koma toka-toka. Wannan zalunci ne ga mai hoto da mai ɗinki baki ɗaya. Maganinsa raba igiya biyu: reshe ɗaya ya keɓe fata ya kula da ita, ɗayan ya riƙe riga da bango, sannan a haɗe su a akwatin gauraya. A nan amfanin wannan tsarin yake, kuma a nan masu koyo suke tsoron shiga, sai su yi ta jera akwatuna a layi ɗaya kamar buhunan gero.

Kada a cusa ayyuka biyar a akwati ɗaya. Aiki ɗaya, akwati ɗaya, a rubuta masa suna. In hoto ya lalace, a kashe su ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifin: harafin M a Blender, Ctrl da D a Resolve.

Akwai wani da ba a cika lura da shi ba. A Blender dusashewa da fiksil ake auna ta, wato ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoto, don haka fiksil 10 da ya yi laushi a hoto mai faɗin fiksil 1080 kusan ba a ganinsa a na kyamara mai faɗin 6000. Haka nan hoton JPEG matakai 256 kacal yake da su a kowane launi, in an matsa masa sai sararin sama ya tsattsage layi-layi. Hoton da ya bi ta WhatsApp an riga an matse shi, a roƙi mai shi ya turo na asali a matsayin fayil.

Wasu kuma sukan gama salonsu su fitar da shi a matsayin LUT, wato ɗan fayil mai ɗauke da sauyin launi, su tura wa aboki, sai ya kira yana cewa rabin abin babu. LUT launi da haske kaɗai yake ɗauka, kaifi da dusashewa da yashi ba sa shiga cikinsa. Mai son ba da salonsa cikakke ya tattara akwatunan da Ctrl da G a Blender ya tura fayil ɗin, ko ya adana su a PowerGrade, wato ma'ajiyar salo, in Resolve yake amfani da shi. Kafin ya tura, ya gwada a hoton dare ɗaya, na rana ɗaya, da ɗaya mai farar riga.