Yadda Ake Shirya Ziyarar Wuraren Tarihin Jirgin Ƙasa a Lokacin Hutu

Kayan tarihin jirgin ƙasa a Najeriya ba a tara su a gida ɗaya ba. Suna warwatse ne a garuruwan da layin dogo ya ratsa, wasu a gidajen tarihi, wasu kuma a tashoshin da ake aiki a cikinsu har yanzu. Saboda haka wanda yake son kallonsu a lokacin hutu sai ya tsara tafiyarsa bisa yadda dogon ya bi.

Mataki na farko shi ne ka san tarihin layin kafin ka bar gida, domin wanda bai san shi ba tsohon ƙarfe kawai zai gani. Layin da ya taso daga Legas ya isa Ibadan a 1901. A Arewa kuwa daga Baro aka faro aikin, a bakin kogin Kwara, inda jiragen ruwa suke sauke ƙarafa idan kogi ya kawo, kuma dogon ya shiga Kano a 1911. Daga baya aka miƙa rassa zuwa Kaura Namoda a 1929, da Nguru a 1930, da Maiduguri a 1964. Gyaɗa da auduga da fatu su ne suka ja layin zuwa waɗannan wurare, kuma dalar gyaɗar Kano ta samo asali ne daga buhunan da ake jibgewa suna jiran taragu.

Mataki na biyu shi ne zaɓen wuraren da za ka je, gwargwadon kwanakin hutunka da abin da ke aljihunka. Wanda zai iya kaiwa Legas ya fara da gidan Jaekel da ke harabar ma'aikatar reluwe a Ebute Metta. Bene ne da aka gina a 1898, aka gyara shi ya zama ƙaramin gidan tarihi mai tsofaffin hotuna da kayan aikin ma'aikata. A Minna akwai ɗan ƙaramin kan jirgin da ya yi aiki a gajeren layin da aka shimfiɗa a yankin Zungeru da Wushishi zamanin da Lugard, shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, ya mayar da Zungeru hedikwatarsa. A harabar gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, an ajiye tsofaffin kawunan jirgi, kuma a nan ne ya fi dacewa mutum ya fahimci labarin siririn layin da ya haɗa Zariya da Jos don kwashe kuza, wanda aka rufe a 1957. A ganina, mai kwana uku kacal gara ya tsaya a gari guda ya ƙare masa kallo da ya yi ta gudu tsakanin garuruwa uku.

Mataki na uku shi ne neman labarin halin da wurin yake ciki a yanzu. Ka tambayi mutanen garin ko gidan tarihin yana buɗe, da ranakun da ake shiga, da kuɗin ƙofa, sannan ka bincika lafiyar hanya, musamman idan ka nufi ƙananan garuruwa irin Baro da Zungeru. Rani ya fi damina sauƙi, domin ciyawa takan rufe tsofaffin layuka idan ruwa ya sauka.

Mataki na huɗu, wanda mutane suka fi sakaci da shi, shi ne neman izini. Tasha wurin aiki ce ta Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, kuma tana da masu tsaro. Idan ka isa, ka wuce ofishin shugaban tasha, ka yi sallama, ka nuna katin shaidarka, ka faɗi abin da ya kawo ka, kafin ka ɗaga waya don ɗaukar hoto. Gadoji irin na Jebba da Makurdi sun fi buƙatar wannan hattara. Kada ka hau taragon da aka yasar, domin katakonsa ya ruɓe, kuma macizai da zuma sukan yi gida a ciki. Kada kuma ka bar yara su yi wasa a kan dogo ko da an ce maka jirgi ya daɗe bai wuce ba.

Mataki na biyar shi ne kallon kansa, kuma a nan ya kamata ka ɓata lokaci. A jikin kan jirgi ka nemi farantin ƙarfen da kamfanin da ya ƙera shi ya manna, in ba a cire ba. Yakan nuna sunan kamfanin da garinsu da shekarar ƙira. Ka leƙa inda mai hura wuta yake tsayawa yana zuba kwal da shebur, ka ga ƙuncin wurin, ka kwatanta shi da zafin watan Afrilu. Ka sunkuya ka duba gefen ƙarfen dogo, domin sau da yawa akwai shekarar da aka narka shi a rubuce. Idan ka zo da tef ɗin awo, ka auna tazarar da ke tsakanin ƙarafan biyu: tsohon babban layi milimita 1,067 ne, na Zariya zuwa Jos 762 ne, sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa 1,435 ne. Wannan bambanci shi ne dalilin da ya sa jirgin sabon layi ba zai iya hawa tsohon ba. Tankunan ruwa masu tsayi da ake gani a tsofaffin tashoshi kuma na shayar da injin tururi ne.

Mataki na ƙarshe shi ne sauraron tsofaffin ma'aikata. A unguwannin reluwe na Zariya da Kafanchan da Kaduna akwai 'yan fansho da suka yi tuƙi ko gyaran dogo. Ka nemi wani ɗan unguwa ya gabatar da kai, ka je da ɗan goro ko abin hasafi, ka gaishe su da "Baba" yadda ya kamata. Idan kana son naɗar muryarsu ka nemi yardarsu tukuna, sannan ka rubuta sunan tashar da shekarun da kowannensu ya yi aiki a ranar, tun kafin bayanan su cakuɗe maka.