Babi na Shida: Ɗigo da Waƙafi a Takardar Tallafin Manoma

Darasi na 1

Sannunku da ƙoƙari. Yau lambobin kuɗi za mu karanta, kuma za mu koya ne da tallafin da gwamnatin Amurka ke biyan manomanta. Ƙasar ta kasu jiha-jiha, jihohin kuma sun kasu gunduma-gunduma. A gundumomin karkara akwai ofisoshin wata hukuma mai suna FSA, a ƙarƙashin Ma'aikatar Noma. Can manomi ke zuwa ya faɗi abin da ya shuka da yawan ekar da ya noma, a rubuta. Tun 1933, zamanin Shugaba Roosevelt, aka soma irin wannan biyan. Kuɗinsu dala ne, kuma senti 100 ke yin dala 1.

Darasi na 2

Ga inda na ga mutane da yawa suna tuntuɓe, don haka mu bi a sannu. Ku dubi waɗannan biyu:

3.70
3,700

Ku ɗora yatsa a kan alamar da ke bayan 3. A ta sama ɗigo ne, ba shi da wutsiya. A ta ƙasa waƙafi ne, yana da 'yar wutsiya. Ɗigo ke raba dala da senti, wato dala 3 da senti 70. Waƙafi kuwa dubbai yake nunawa, wato dala dubu uku da ɗari bakwai. Ku sake dubawa. Akwai wutsiya ko babu? Kada ku ji kunyar kawo takardar kusa da ido, kowa haka ya fara.

Me ya sa muka ɗauki 3.70? A dokar noma ta 2014 an tsayar da dala 3.70 a matsayin farashin da za a riƙa auna masara da shi, a kan ma'auninsu da ake kira bushel, mai cin kimanin kilo 25. A lokacin, idan farashin kasuwa na shekara ya faɗi ƙasa da haka, gwamnati kan biya gibin ga wanda ya shiga shirin. Masarar 2019 ta tsaya a 3.56. Ku rubuta 3.70 a sama, 3.56 a ƙasa, ɗigo daidai ƙarƙashin ɗigo, ku ɗebe. Amsa 0.14, wato senti 14 a kowane bushel.

Ɗigo ƙarƙashin ɗigo, na ce. Wanda ya samu 14 ba ɗigo ya mai da senti dala, ya ninka kuɗin sau ɗari. Ya goge, ya nemi ɗigon da yatsa, ya sake. Babu laifi, sai da kuskure hannu ke faɗawa.

Darasi na 3

Dokar ta 2014 ta sa iyaka ga abin da mutum ɗaya zai karɓa a shekara daga manyan shirye-shiryen tallafin: dala 125,000. Wutsiya ko babu? Akwai. To, dubu ɗari da ashirin da biyar ke nan. Amma har yanzu wasunku na karanta shi dala 125, don sun ƙi sa yatsa. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Mutum ya sa hannu a takardar kuɗi bai tantance ɗigo da waƙafi ba, wa zai zarga in an rage masa haƙƙinsa? Ba rashin basira ke damunku ba, gaggawa ce. Ku karanta waɗannan da ƙarfi, yatsa a kan alama:

1.25
1,250
12,500
125,000

Darasi na 4

Ba a kan duk gonar ake lissafi ba, sai kashi 85 cikin 100 na ekar da ke cikin rajista. In eka 100 ce, 85 ake biya wa. In 200 ce fa? Ku yi a gida.

Darasi na 5

Kuɗin ba ya fita sai watan Oktoba na shekarar da ke biye da shekarar noman. Ku rubuta "Oktoba" sau biyar.