Yadda Ake Ɗaukar Hoton Doki Yana Sukuwa a Hawan Daushe

1. Ka je Ƙofar Kudu ta gidan Sarkin Kano da wuri. Hawan na yamma ne, washegarin sallah, kuma wajen cika yake yi. Nemi inda rana za ta kasance a bayanka.

2. Juya maɓallin kyamara zuwa S, ko Tv idan Canon ce. Wannan ke ba ka damar zaɓar saurin ƙyaftawarta. Sa 1/1000, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A 1/250 ƙafafun doki da bakin rawani duk sai su fito dishi-dishi. Idan rana ta yi sanyi hoto ya fara duhu, ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, zuwa 800 ko 1600. Gara ɗan tsaki-tsakin da hakan ke kawowa a hoto da a rasa fuskar mahayi.

3. Sa fokas a AF-C (AI Servo a Canon) domin ya riƙa bin dokin yana matsowa.

4. Kunna ɗauka a jere. Lokacin jafi kada ka jira su iso gabanka: danna tun suna nesa, ka riƙe har su ja linzami su ɗaga hannu. Cikin goma da ƙyar biyu su yi kyau, haka abin yake.

5. In kana son a ga gudun, sauko zuwa 1/60, manne gwiwar hannu a ƙirji, ka bi dokin da kyamara kana juya ƙugu. Mahayi zai fito sarai, jama'a su zama zane-zane a baya.

Kada ka canja gilashin kyamara cikin ƙurar nan.