Yadda za ka fara bincike kan targaɗen idon sawu a Damagaram

Ƙanena, idan ka gama karatun kine, wato gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, kuma burinka ka zama malamin jami'a mai bincike, kada ka zauna jiran na'ura daga Faransa. Littafi da biro da tef ɗin awo irin na tela sun ishe ka farawa. Wurin aikin kuwa filayen da samari ke buga ƙwallo da la'asar ne, a Birni ko Zango ko Garin Malam, da fagen kokawa.

Zaɓi ƙungiya biyu ko uku kawai. Nemi yardar koci da ta kowane ɗan wasa a rubuce, sannan ka samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike, don mujallar kirki ba ta karɓar aikin da ba shi da wannan takarda.

Duk wanda ya yi targaɗe, rubuta shekarunsa, wace ƙafa ce, a rairayi ne ko a tsandauri, da takalmi ko babu. Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: ya taɓa yi a ƙafar nan? Wanda ya taɓa yi shi ya fi saurin sake yi. Galibi tafin ƙafa ne ke lanƙwashewa ciki, sai jijiyar da ke gefen waje, gaban ƙashin idon sawu, ta ja ko ta tsinke.

Kafin komai ka tabbata ba karaya ba ce. Ƙa'idar Otawa, wadda likitocin Kanada suka fitar a 1992, ta sauƙaƙa wannan. In ba ya iya taku huɗu, ko ka danna bayan ƙashin idon sawu, daga bakinsa zuwa santimita 6 sama, ya yi tsalle don zafi, tura shi asibiti a ɗauki hoto.

Da yawa za su riga ka zuwa wurin mai ɗori. Kada ka yi musu faɗa, in ka yi ba za ka sake ganinsu ba. Tambayi abin da aka yi musu, an ja ne, an murza, an ɗaure kwana nawa, ka rubuta.

Bibiya ce ke raba mai bincike da mai ba da magani, kuma nan ne ake gajiya. Kumburi na sauka yaro zai ce ya warke. Neme shi bayan sati 6, bayan wata 3, bayan shekara. Sa shi ya fuskanci bango, ya kai gwiwa ta taɓa shi ba tare da diddige ya ɗaga ba, ka auna tazarar babban yatsa da bangon, ka gwada da ɗayar ƙafar. Sai ya tsaya da ƙafa ɗaya ido a rufe. Ni ina son in ga wata rana an auna ƴan langa da wannan gwaji, tunda wasansu kacokan a kan ƙafa ɗaya yake.

Shekara guda ta irin wannan rubutu ta isa ka tunkari malaman sashen lafiya na Jami'ar André Salifou, ko likitocin ƙashi na babban asibitin Zinder, wato Damagaram ɗin nan, ka nemi mai duba maka aikin masta. Daga nan sai doktora. Ƙarin girma a jami'o'inmu ta hannun CAMES yake bi, wato majalisar ilimi mai zurfi ta Afirka da Madagaska da ke can Wagadugu, kuma maƙalolin da ka buga suke dubawa. Maƙalar kuwa sai da bibiya, don haka karɓi lambar waya biyu daga kowane ɗan wasa, tasa da ta wani ɗan'uwansa, saboda lokacin ci-rani rabinsu na iya barin gari.