Kurakuran ɗalibai wajen gina samfurin lissafi

Kowace shekara fuskokin ɗalibai na canzawa, kurakuran kuwa suna nan yadda suke. A ba su matsala ta zahiri, kamar yaɗuwar cuta ko cunkoson layi a asibiti, a ce su mayar da ita lissafi, kafin ka rufe baki sun jawo fomula daga littafi.

Nan ne babban ciwon yake. Kowace fomula tana tafe da sharuɗɗanta, su kuma ba su karanta su. Ana maganar yawan jama'a, sai ɗalibi ya ɗauko tunanin masanin tattalin arziki Malthus na 1798, inda adadi ke ta ninkuwa, bai tambayi kansa ko abinci da wurin zama za su isa ba, alhali tun 1838 masanin lissafi Verhulst ya sa wa lissafin iyaka. Haka abin yake da cuta. Samfurin Kermack da McKendrick na 1927 ya kasa mutane gida uku: masu iya kamuwa, masu ɗauke da cutar, da waɗanda suka warke ko suka mutu. Ya ƙaddara cewa kowa na cuɗanya da kowa, kuma wanda ya warke ba ya sake kamuwa. Sai ka ga an ɗora shi a kan zazzaɓin cizon sauro. Haba! To ina sauron a lissafin? Wanda ke kwanciya sau uku a shekara fa, wane gida za ka sa shi?

Ni ba na duba fomular kowa sai ya kawo min shafi guda da kalmomi zalla: me ake son sani, me ya ƙaddara, me ya bari a waje da gangan, kuma don me. Wasu malaman na ganin ɓata lokaci ne. Ruwansu.

Kuskure na biyu shi ne kwaɗayin layin da ya bi ta kan kowane ɗigon alƙaluma a zane. In kana da ɗigo 10, fomula mai mataki 9, wato mai lanƙwasa da yawa, za ta taɓa su duka, zanen ya fito tsaf kamar an yi da gwani. Wannan ya taɓa rusa mana aikin hasashen buƙatar ruwa: layin ya dace da shekarun baya cif, da muka matsa shekara ɗaya gaba sai ya ce buƙatar ta faɗi ƙasa da sifili. Dole aka koma farko. Tun daga nan nake ɓoye kashi ɗaya cikin biyar na alƙaluman, na ƙarshe-ƙarshe, in gina samfurin da sauran, sannan in ga ko zai iya gano abin da na ɓoye. In ya kasa, ba na lallaɓa shi.

Sauran ba su buƙatar dogon bayani. Ku rubuta ma'auni kusa da kowace lamba. A 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani ɓangare na auna ƙarfin turi da ma'aunin fam, wani da ma'aunin niyutan. Kada ku ba ni amsa mai lambobi takwas bayan ɗigo alhali alƙalumanku kintace ne. Lambar da kuka fi shakka a kanta, ku ɗaga ta da kashi 10 cikin 100, ku sauke ta, ku ga yadda amsar ke motsi.

Kuma don Allah, in kwamfuta ta ce ana buƙatar likita 3.4, ku yanke shawara tsakanin 3 da 4, ku faɗi dalili.